Zafin inji a tsakiyar ƙanƙara: bin diddigin matsalar babur ɗin dusar ƙanƙara

Babur ɗin tafiya a kan dusar ƙanƙara da aka kawo gareji mai inji ne siisii 600, silinda biyu, mai bugu biyu, wato irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma da ruwa yake sanyaya kansa. Ƙorafin mai shi ɗaya ne. Da zarar ya hau hanyar da aka daddaɓe, kafin ya yi nisa fitilar zafi ta kama, inji ya rage ƙarfi da kansa. In ya faɗa cikin dusa mai laushi sai zafin ya ɗan sauko, amma ba ya komawa inda ya saba zama. A arewacin lardin Ontario na ƙasar Kanada ne, ƙarshen Fabrairu, lokacin da rana ke narkar da saman hanya da azahar, dare kuma ya sake daskarar da ita ta yi tauri. Hanyoyin lardin, waɗanda ƙungiyoyin mahaya ke kula da su, sun kai kimanin kilomita 30,000, kuma motocin daddaɓe hanya suna bi ta kansu suna danne dusar. Hanya mai daɗin gudu ke nan, amma ita ce ta fi wahalar da inji.

Wanda bai san wannan babur ba zai yi mamakin yadda inji zai ɗau zafi alhali sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Dalilin yana cikin ƙirarsa. Yawancinsu ba su da lagireto da fanka irin na mota. Abin da suke da shi farantan alminiyam ne masu rami a ciki, ruwa yana bi ta cikinsu, an manna su a cikin rumfar da ke lulluɓe da sarƙar roba, wato wannan faffaɗan bel mai haƙora da ke tura babur ɗin, irin na katafila. Akwai faranti ɗaya a gaba, daidai bayan inji, akwai dogaye da ke bin rufin rumfar ko ƙarƙashin matakin ƙafa, wasu kuma da ƙari a can baya. Sarƙa tana juyawa tana watsa dusa a jikin farantan, dusar ta narke, ta tafi da zafin. Iska ba ta yin wani aikin kirki a nan. In babu dusar da za ta taɓa faranti, ko sanyi ya kai yaya, ruwan zai ci gaba da ɗumama har ya tafasa.

Injin irin wannan yakan zauna tsakanin digiri 40 zuwa 55 idan komai lafiya. Injuna masu bugu huɗu sun fi haka zafi, sun fi kusa da na mota, don haka kada a auna wannan da ma'aunin wancan.

Kafin in taɓa sifana na fara da abin da ba ya cin ko sisi. Na tayar da inji, na bar shi a sulo har allo ya nuna digiri 55, sannan na cire safar hannu na zura hannu ƙarƙashin rumfar na dafa farantin baya. Wannan dafawar ita ce ke raba matsalar gida biyu. In farantin ya yi zafi har ba ka iya barin hannu a kai, ruwa yana zagayawa, laifin na dusa ne da ba ta isa wurin. In kuwa inji na ci da wuta amma farantin baya sanyi ƙalau, to ruwan ne ba ya kaiwa can, kuma ko tifa guda ta dusa ka juye a kai ba abin da zai canza. Na wannan babur ɗin, ɓangaren dama ya yi ɗumi-ɗumi, na hagu kuwa sanyi. Ruwa yana shiga, amma da ƙyar yake ratsawa.

Na kuma haska bindigar auna zafi a kan silinda, kusa da inda sensa take, don in tabbatar allon ba ƙarya yake yi ba. A jikin alminiyam mai sheƙi bindigar takan ba da lamba ƙasa da gaskiya, sai an manna ɗan baƙin salatif a haska a kansa. Bambancin bai wuce digiri uku ba. Sensa lafiyarta lau.

Sai da inji ya huce sarai na buɗe murfin butar ruwa. Ba a buɗe shi da zafi, ruwan yana ƙarƙashin matsi, zai yi tsartuwa ya sale fuska. Ruwan ya sauka ƙasa da layin sanyi da kamar yatsu biyu. Mai babur ya ce yakan ƙara lokaci-lokaci. To ruwan sanyaya ba ya ƙonewa kamar mai. In yana raguwa, akwai inda yake bi, kuma duk inda ruwa ya fita, iska na shiga ta wurin idan inji ya huce.

Murfin da kansa na fara gwadawa, saboda shi ne mafi arha kuma shi aka fi mantawa. A jikinsa an rubuta 13, wato sai matsi ya kai fam 13 a kan kowane inci murabba'i kafin ya saki. Aikin wannan matsi shi ne ɗaga ma'aunin tafasa. Haɗin rabin ruwa da rabin gilaikol, wato sinadarin hana daskarewa, yana tafasa a wajen digiri 107 in an bar shi a buɗe, amma da lafiyayyen murfi sai ya doshi 125. Da na ɗaura shi a famfon gwaji, tun a 7 ya fara huci. Robar bakinsa ta taurare ta tsage. Murfi irin wannan yana barin ruwa ya tafasa a ƙananan wurare masu zafi cikin kan silinda tun allo bai nuna wani abin tsoro ba, tururi ya tura ruwa waje ta siririn tiyon zubarwa, a cikin dusa kuma babu wanda zai lura.

Da a ce na tsaya nan na sa sabon murfi na sallami mutumin, da ya dawo. Na ɗaura famfon a bakin butar, na hura zuwa 13, na zuba wa allura ido. Cikin minti goma ta sauka zuwa 10. Na bi tiyo-tiyo da tocila, na matsa kowane kilif, na duba ƙasan famfon ruwa inda ake barin ɗan rami don ya tona asirin sil in ya mutu. Duk a bushe. Sai na ɗaga bayan babur ɗin a kan jak na leƙa cikin rumfar ta gaba. A jikin farantin gaba akwai zane-zane masu sheƙi a jere, layi-layi, kuma a ƙarshen ɗaya daga cikinsu wani ɗigo kore yana taruwa, ya faɗi, wani ya sake taruwa.

Ƙusoshin sarƙa ne suka yi wannan aikin. Mahaya kan dasa wa sarƙa ƙusoshi masu bakin ƙarfe mai tauri don ta kama ƙanƙara, kuma abin da aka saba shi ne kada tsinin ya wuce haƙorin sarƙa da fiye da milimita 9 ko 10. Na wannan sun fi haka tsawo, sarƙar ta yi sako-sako, kuma robobin kariya da ake dasawa a rufin rumfar sun cinye har ƙasa. A gudu mai yawa sarƙa takan kumbura ta yi sama, ƙusa ta riƙa shafar faranti kaɗan-kaɗan har ta huda. Akwai masu liƙe irin wannan huda da gam mai tauri. A daji, don a iso gida, ba laifi. Amma farantin gaba yana shan jijjiga da zafi da sanyi a lokaci guda, gam ba ya daɗewa. Na tsiyaye ruwan gaba ɗaya, na cire sarƙa, na wanke wurin da burushin ƙarfe marar tsatsa har babu ɓurɓushin gilaikol, don ko kaɗan ya rage walda ba za ta kama da kyau ba, sannan aka yi masa waldar alminiyam ta iskar agon. Aka sa sababbin robobin kariya, aka canza ƙusoshin da gajeru. Gwaji na biyu allura ta tsaya cak a 13.

Tunda ruwa ya riga ya fita, na yi amfani da damar na duba sauran kayan ciki. Tamosta, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, tana cikin ɗan gida a saman kan silinda. Na ɗaure ta da zare na rataya a tukunyar ruwa, ba tare da ta taɓa gindin tukunyar ba, na sa ma'auni, na kunna wuta a hankali. Lambar da ke jikinta 120 ce, a ma'aunin Faranhait na Amurka, wato digiri 49 a namu. Ta fara buɗe baki daidai wurin, ta buɗe gaba ɗaya bayan wasu digiri kaɗan, ta rufe da ruwan ya huce. Na mayar da ita.

Akwai masu cire tamosta su yar, wai don ruwa ya riƙa gudu ba shamaki. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Fistin yana kumbura da sauri fiye da silinda. Idan inji ya yi zafi a kan ƙanƙara, mahayi ya kutsa cikin dusa mai zurfi, farantan su sanyaya nan take, ruwa mai tsananin sanyi ya kwararo cikin silinda ba mai tare shi, silinda ta tsuke a kan fistin mai zafi. Nan inji ke bugawa. Haka kuma yake faruwa ga wanda ya tayar da inji da asuba ya murɗa totur bai jira ya ɗumama ba. A wasu ƙirar ma, cire tamosta yana barin hanyar ratse a buɗe, ruwa ya riƙa kewaya inji kawai bai je farantan ba, a samu akasin abin da ake nema.

Famfon ruwa na cire murfinsa na kama farfelar da yatsu. A injuna da yawa na roba ce, tana zaune a kan sandar da ke karɓar juyi daga tsakiyar karanshaf. Idan ta sha zafi takan saki sandar, a sulo ta juya kamar lafiya, amma da an ba da wuta sai sanda ta juya ta bar ta a baya. Alamarsa ita ce inji ya yi sanyi a tsaye, ya yi zafi a gudu, ko da a cikin dusa mai kyau. Wannan tana riƙe gam, fukafukanta duk a cike.

Ruwan da na tsiyaye na auna shi, ya nuna gilaikol ya kai kusan kashi 75 cikin ɗari. Duk lokacin da mai babur zai ƙara, zallar sinadarin yake zubawa, a tunaninsa ƙarin kariya ce. Ba haka ba ne. Rabi da rabi yana daskarewa a digiri 37 ƙasa da sifili. Kashi 60 na gilaikol da 40 na ruwa yana jurewa har wajen 52 ƙasa da sifili, shi ya sa masu yankunan da sanyi ya fi tsanani suka fi son shi. Zallarsa kuwa tun a wajen 13 ƙasa da sifili yake daskarewa, kuma bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba, ga kauri da ke wahalar da famfo. Na haɗa sabo a 60 da 40 da tataccen ruwa marar gishiri, irin wanda ake ƙara wa batir, ba na famfo ba, don kada ya bar farin ƙasa a cikin farantan. Nau'in da littafin babur ya ambata shi na saya. Garwaya nau'i biyu daban yakan sa ruwan ya yi laka ya toshe ƙananan hanyoyi. Tsohon ruwan kuma na rufe shi a jarka, domin yana da zaƙi, karnuka na lasa, kuma guba ne mai kashe ƙoda.

Zuba ruwa shi ne inda aka fi samun kuskure, don hanyar tana da tsawo. Daga inji zuwa bayan rumfar a dawo ya kai mita uku ko fiye, kusan a kwance, ga lunguna da iska ke maƙalewa. Ƙullin iska guda a farantin baya ya isa ya hana famfo tura ruwa, kuma shi ne ya sa ɓangaren hagu ya ƙi ɗumi tun farko. Na ɗaga gaban babur ɗin har butar ta zama ita ce mafi tudu a duk hanyar. Wasu ƙirar littafinsu cewa yake a ɗaga baya tukuna don a koro iskar gaba, a bi abin da ya ce. Na sassauta ƙaramin sukurun fitar da iska da ke kan gidan tamosta, na sa mazurari, na riƙa zubawa siriri-siriri. Da farko huci ne ke fita ta sukurun, sai kumfa, sai ruwa zalla. Nan na ɗaure shi, ba da ƙarfi ba, zarensa a cikin alminiyam yake. Na riƙa matsa babban tiyo da hannu ina saki, kumfa na tasowa a butar. Ya sha sama da lita biyar.

Sannan na buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya saboda hayaƙi, na tayar da inji murfi a buɗe, ina ɗan taɓa totur lokaci-lokaci. Da tamosta ta buɗe, ruwan butar ya faɗa ƙasa gaba ɗaya, na cika. Hannuna yana kan farantan. Ɗumi ya fara daga dama, ya bi ta baya, ya zagayo hagu, har duka biyun suka yi zafi daidai. In ɗumin ya tsaya a rabin hanya, akwai sauran iska, a kashe, a karkata babur ɗin gefe ɗaya, a sake. Wanda ke da na'urar zuƙe iska kafin zuba ruwa ya huta da duk wannan.

A wannan lokacin na lura da butar don wani abu daban. Kan silinda na waɗannan injuna ba gaskit gare shi ba, zobban roba ne biyu a kowace silinda, na ciki yana tare wuta, na waje yana tare ruwa. In na ciki ya ƙone, iskar wuta tana shiga cikin ruwa. Za ka ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa da totur, ko kuma babban tiyo ya yi tauri cikin minti ɗaya da tayar da inji mai sanyi. Fulogin wannan silindar zai fito fes kamar an wanke shi. Farin hayaƙi ba hujja ba ne, a irin wannan sanyi kowane salansa fari yake fitarwa, sai dai in hayaƙin yana ƙamshin zaƙi. A nan kumfar ta ɗauke bayan ɗan lokaci, fulogai biyun kuma launin ƙasa-ƙasa suke, yadda ake so.

Launin fulogi ya kuma kwantar mini da hankali game da ƙarancin fetur. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana buƙatar ƙarin mai, kuma in robar wuyan kafireto ta tsage ko sil ɗin karanshaf yana shan iska, wuta takan yi zafi fiye da kima. Sai dai a sani, irin wannan zafin sau da yawa yana narkar da kan fistin tun ruwa bai nuna komai a allo ba. Fulogi fari fat, ko mai ɗige-ɗigen alminiyam a baki, ba maganar ruwa ba ce, a daina hawa. Na lanƙwasa robobin wuyan da yatsa ina haskawa, babu tsaga. Birki ba ya riƙewa, na daidaita tsaurin sarƙa daidai da littafi.

Gwaji a cikin dusa mai laushi ya tsaya a 46 bai motsa ba. Amma da na hau kan daskararren tafki, inda iska ta share dusar, lamba ta fara hawa, 55, 62, 68. Na tsaya na dafa farantin baya, zafi zau. Yanzu ruwa yana aikinsa, saura ɗaya rabin matsalar.

Labulen robar da ke rataye a bayan rumfar an yanke shi, an rage kusan rabi, wai don kyau. Wannan labule ba ado ba ne. Dusar da sarƙa ta watso baya shi ke tare ta ya mayar da ita cikin rumfar ta faɗa kan faranti. In babu shi, duk ta tafi a iska ta zuba wa na bayanka. Na sa cikakke, wanda ke sauka kusa da ƙasa idan mahayi ya zauna. Ya kamata ya kasance mai ɗan tauri, don mai laushi sosai iska ke ɗaga shi a gudu, ko sarƙa ta haɗiye shi a ribas.

Sai ƙarafan karta. Ƙananan sanduna ne biyu, ɗaya kowane gefe, masu kaifin baki, suna ja a ƙasa suna kankaro ƙanƙara tana fallatsa cikin sarƙa. Iri biyu ne. Na sifirin sun fi danna ƙasa, sun fi tayar da gari, amma in ka manta ka sa ribas ba ka ɗage su ba sai su lanƙwashe ko su karye. Na igiyar waya suna jure ribas, sai dai ba su kai waɗancan cizo ba a kan ƙanƙara mai sulɓi. Na zaɓi na sifirin, saboda tafkuna mutumin ya fi bi. Na ɗaura su a jikin dogayen ƙarafan da sarƙa ke zamewa a kansu, can gaba iya yadda wuri ya bari, domin abin da suka kankaro ya samu shiga sarƙar tun daga farko. Kafin in huda, na sa mutum ya hau ya danna babur ɗin ƙasa, na tabbatar ba za su taɓa ƙananan tayoyin ciki ba. Notunan na sa musu gam ɗin hana kwancewa. Garin ƙanƙarar yana kuma jiƙa robar da ke ƙarƙashin waɗannan ƙarafa, wadda ita ma narkewa take yi a busasshiyar hanya har ta manne da sarƙa. Ƙaurin roba da mahaya ke ji a kan tafki yawanci daga nan yake.

A tafkin nan dai, ƙarafa a ƙasa, gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta sa a hanyoyin Ontario, lamba ta tsaya tsakanin 50 da 53. A tafiyar hawainiya, ƙasa da kilomita 15, takan ɗan hau, don sarƙa ba ta juyi da ƙarfin da zai watsa komai. Wannan ba gyara gare shi ba, halin ƙirar ne. Masu jan kaya a hankali cikin daji su ne ke buƙatar babur mai ƙarin lagireto da fanka. Babura na hawan dutse masu dogayen haƙoran sarƙa, inci biyu zuwa sama, sun fi kowa shan wahala a daddaɓaɓɓiyar hanya, su kam ƙarafan karta dole ne. Huda murfin gefe don iska ta shiga yana taimakon bel da kuloci, amma ba ya rage zafin ruwa.

Na gaya wa mai babur abin da zai yi in fitilar ta sake kamawa a hanya. Ya karkata zuwa gefe inda dusa ke da laushi ya ɗan ba da wuta. In babu, ya tsaya ya kashe inji, kada ya bar shi a sulo, don a tsaye babu abin da ke sanyaya shi. Ya tara dusa a kan matakan ƙafa da saman rumfar ta baya, ya tura wata ciki da ƙafa. Bayan ya kwana a waje, ya leƙa ƙarƙashin rumfar kafin ya tashi, saboda dusar da ta narke jiya takan daskare ta zama ɓawo mai rami a ciki, ta rufe farantan, sabuwar dusa ta kasa taɓa su. A fasa ta da gudumar roba, ba da sukudireba ba. Washegari da safe, inji a sanyi, ruwan butar ya sauka da kamar rabin kofi, ragowar iska ce ta fita. Na cika zuwa layi, na ce ya sake dubawa bayan fita biyu masu zuwa, in ya ƙara sauka ya dawo da shi a sake ɗaura famfon gwaji.